Ƙonewar Gaskit a Tsohuwar Motar Dizal: Abin da Ya Kamata Mai Mota Ya Sani Kafin a Buɗe Inji

Da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Agadas, ba ka rasa ganin mota a gefen hanya an ɗaga bonet, tururi na tashi, direba na yawo da jarka yana neman ruwa. Da yawa daga cikinsu a gareji suke ƙarewa, kuma maganar da bakanike zai faɗa sananniya ce: gaskit ya ƙone.

Tsofaffin motocin dizal na nan birjik a hannun jama'a: Mercedes 190D da 200D da 300D, Peugeot 504 da 505 da 405, Golf ta Volkswagen, sai Toyota Hilux da Hiace da Land Cruiser masu jigila tsakanin kasuwannin ƙauye da ratsa hamada. Sun fi yawa a Nijar da Chadi da arewacin Kamaru fiye da Najeriya, inda fetur ya daɗe yana cin tallafin gwamnati kafin a cire tallafin. Injunansu na da juriya, shi ya sa ake riƙe da su. Amma akwai abin da ba sa yafewa, wato zafi. Gaskit ba ya cika ƙonewa haka kawai, wani abu ne ke ƙona shi. Duk wanda ya canza shi bai gano wannan abin ba, bai kuma auna kan injin ba, to ya kashe maciji bai sare kai ba.

Aikin gaskit

Inji gida biyu ne. Akwai bulok a ƙasa, inda fistin ke hawa da sauka. Akwai kan inji a sama, wanda kanikawa ke kira tof silinda, mai ɗauke da bawul da nozul da hita. Gaskit shi ne shimfiɗar da ke tsakaninsu, kaurinsa wajen milimita ɗaya da rabi ne a yawancin waɗannan motoci. Abu uku yake rabawa: wutar da ke ci a cikin silinda, ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin man da ke hawa sama. Kowanne na da hanyarsa ta cikin gaskit ɗin, kuma ba a so ɗaya ya leƙa hanyar ɗaya.

A injin dizal wannan aiki ya fi nauyi. Dizal ba shi da fulogi, matsi ne ke kunna man. Injin fetur na zamanin waɗannan motoci yakan matse iska sau 9 zuwa 10, amma tsohon dizal yana matse ta sau 21 zuwa 23, har zafinta ya wuce digiri 500 kafin nozul ya feso mai. Duk wannan ƙarfi a kan ɗan zoben ƙarfen da ke zagaye bakin kowace silinda a jikin gaskit yake sauka. Ƙaramar kafar da injin fetur zai yi watanni yana lallaɓawa da ita, dizal zai yage ta cikin ɗan lokaci.

Me ke ƙona shi

Idan inji ya ɗau zafi fiye da kima, tof yakan kumbura ya murɗe. Ya huce, ba ya komawa daidai, sai ya daina danne gaskit a wani wuri, wuta ta samu hanya. Abin ya fi tsanani a injunan da tof ɗinsu alminiyam ne a kan bulok na baƙin ƙarfe, irin na Mercedes 190D da Golf da Peugeot 405, domin alminiyam na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Masu tof na ƙarfe, irin tsohuwar 200D da Hilux mai inji 2L ko 3L, ba su cika murɗewa ba, amma su ma sukan tsage idan aka gasa su.

Abubuwan da ke kawo zafin kuwa, yawancinsu da hannunmu muke jawo su.

Na farko, cire tamosta. An saba da zarar mota ta iso daga Kwatano a ce tamosta na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar. Alhali aikinsa shi ne ya tsare inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 80 zuwa 90. A injuna da dama, ciki har da na Mercedes, idan ya buɗe hanyar lagireto yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji kai tsaye. Ka cire shi, wani kaso na ruwan zai riƙa zagaye a ciki bai je lagireto ya huce ba. A cikin gari ba za ka lura ba, sai ka ɗauko kaya ka hau doguwar hanya.

Na biyu, ruwan rijiya da na burtsatse. Suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin siraran bututun lagireto, ga tsatsa da ke cin famfon ruwa da bakin ramukan tof. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa, wato kulan, ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Yana hana tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa.

Na uku, murfin lagireto. Mutane na raina shi, wasu har da leda da roba suke ɗaure bakin. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana riƙe matsin da ke kai tafasar wajen digiri 120. Idan robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa da wuri ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan.

Sauran su ne fanbel da ya saki, kulocin fanka da ya mutu har fanka na juyawa ba ƙarfi, ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da suka toshe fuskar lagireto, lodin da ya wuce ƙa'ida, da taɓa famfon injekta don mota ta ƙara gudu. Nozul mai ɗiga maimakon feshi shi ma yana gasa wuri ɗaya a cikin silinda.

Alamomin da za ka gani

Ba kowane zafi ne ƙonewar gaskit ba, kuma buɗe inji ba ƙaramin aiki ba ne. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a duba waɗannan.

Ruwa na raguwa kullum, amma ba ka ganin ɗigo a ƙasa. Da safe inji na sanyi, ka buɗe murfin lagireto ka tayar da mota, sai ka ga kumfa na fitowa ba tsayawa, ko ruwa na tsalle waje. Babban tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu, tun inji bai yi ɗumi ba. Kumfar da taurin tiyon su ne alamun da suka fi yawa a dizal, domin iskar silinda ce ke kutsawa cikin ruwa. Akwai kuma farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi. Sannan baƙin mai ya koma launin shayi mai madara a jikin sandar awo ko ƙarƙashin murfin mai.

A yi hattara da ruɗu biyu. Farin hayaƙin safiya mai warin ɗanyen dizal, wanda ke wucewa bayan 'yan mintoci, sau da yawa hita ce ta mutu ko nozul. Mai a cikin lagireto kuma yana iya zama daga kular mai ne, a injunan da ruwa ke sanyaya mansu. Gareji mai kayan aiki na da famfon da ake hura lagireto da shi a ga ko matsi zai sauka, da wani shuɗin ruwan gwaji da ke sauya launi idan hayaƙin inji ya ratsa shi. Kuɗin gwajin bai kai na buɗe inji a banza ba.

Alama mafi haɗari ita ce ka murɗa makulli da safe, inji ya ɗan juya ya tsaya cak, alhali batir na da caji. Kada ka sake murɗawa, kada kuma a tura. Wataƙila ruwa ne ya kwana a kan fistin. Ruwa ba ya matsuwa, kuma sararin da ke saman fistin a dizal ɗan kaɗan ne, don haka ruwa kaɗan ya isa ya lanƙwasa kwanrod. A cire hita ko nozul, a juya inji da hannu ruwan ya fita.

Idan allura ta hau kana kan hanya

Ka sauka gefe ka tsaya. Kalmar nan ta "bari mu ƙarasa garin gaba" ita ta kashe injuna da yawa. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, zai yi tsiri ya sale maka fuska da hannu. Ka jira aƙalla rabin awa, har ka iya riƙe tiyon sama da hannu, sannan ka sa tsumma mai kauri ka murɗa a hankali. Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji ko a cikinsa yana tsananin zafi, haka ake tsaga tof. Ka kuma sani cewa idan ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, allurar na iya sauka ta yaudare ka, don abin da ke auna zafin ba ya cikin ruwa. Warin ƙuna da raguwar ƙarfin mota sun isa su tsayar da kai. Idan ka zuba ruwa ya sake amayar da shi, nemi janwe.

Ƙwai da garin barkono da magungunan kwalba da ake zubawa a lagireto ba sa tare wutar dizal. Abin da suke iya toshewa shi ne bututun lagireton, su ƙara maka wata matsalar.

A gareji

Yawanci ga yadda ake yi. Bakanike ya leƙa, ya ce, "Alhaji, gaskit ne kawai. Kawo kuɗi yaro ya je kasuwa, zuwa la'asar ka zo ka ɗauki motarka." Amsar da ta dace ita ce, "To Malam, me ya ƙona shi? Kuma wa zai auna tof ɗin?" Bakanike na gari ba ya jin haushin wannan tambaya. Aikin da aka yi shi yadda ya kamata yakan ci kwana biyu ko fiye, domin sai tof ya je wurin masu injin gyaran ƙarfe ya dawo.

A bar inji ya huce sarai kafin a kwance. Ana sassauta kusoshin tof daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan. Wanda ya kwance su da zafi ko ya fara ta inda ya ga dama, zai iya murɗe tof ɗin da bai murɗe ba.

Idan an ɗaga tof, ka nemi a nuna maka tsohon gaskit kafin a jefar. Shimfiɗa shi a kan benci ka bi zobban ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya. Mai lafiya za ka gan shi a zagaye, da sawun danni ko'ina daidai. Inda ya ƙone za ka ga baƙin layi ya tsallaka zoben, ko dai zuwa ramin ruwa na kusa, ko ta ɗan siririn wurin da ke tsakanin silinda biyu. Leƙa kan fistin ɗin kuma. Sauran za su kasance baƙi da toka, amma wanda ruwa ke shiga za ka same shi fes, tururi ya wanke shi. Idan kuwa an duba gaskit kaf ba a ga inda ya yage ba, to a tsaya, domin zargi ya koma kan tsagewar tof ko bulok, kuma sabon gaskit ba zai yi maganin wannan ba.

Sai awo. Ana goge fuskar tof, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa zura siraran ƙarafan fila a ƙarƙashinsa. Iyakar murɗewar da yawancin waɗannan injuna ke ɗauka tana wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, kaurin takarda guda ke nan. Ido ba ya ganin wannan, tafin hannu ba ya jin sa. A auna fuskar bulok ita ma. A duba tsaga tsakanin bawul da bawul da kuma bakin ƙananan ɗakunan ƙuna da ke jikin tof, in da hali a yi masa gwajin matsi a cikin ruwa. Tsofaffin Toyota 2L masu turbo da Mercedes mai silinda shida na farko-farko sun yi suna wajen irin wannan tsagewa.

Idan tof ya murɗe, injin fesin ne zai daidaita shi, ba sanfefa a kan dakalin siminti ba. Kowane tof na da iyakar abin da za a iya ci daga jikinsa, wasu kamfanonin ma littafinsu cewa ya yi a canza shi. Fuskar tof ɗin dizal a shafe take, don haka duk abin da aka ci yana matso da bawul kusa da fistin, dole a sake auna zurfinsu. Ka tambaya ko an taɓa yi masa fesin a baya.

Kaurin gaskit da ɗaurin kusoshi

Nan ne aka fi yin kuskure. A injin dizal fistin yana ɗan leƙowa sama da fuskar bulok, kuma gwargwadon leƙowar ne ake zaɓar kaurin gaskit. Shi ya sa na Volkswagen da Peugeot ke zuwa da 'yan tsage ko ramuka a gefe masu nuna kauri, na Toyota 3L kuma da haruffa B da D da F. Ka tafi Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da tsohon a hannunka, a haɗa alama da alama. Idan an taɓa canza fistin ko an ci fuskar bulok, sai an sake awo. Siriri fiye da kima, fistin zai taɓa sama. Mai kauri fiye da kima, matsi zai ragu, mota ta riƙa wahalar tashi da safe tana hayaƙi, musamman da hunturu. Haɗa gaskit biyu, ko mayar da tsoho, ko shafe shi da gam, duk aikin banza ne. A bushe ake sa shi, sai in littafin injin ya ce wani abu daban. Jabu kuma ya cika kasuwa, araha ba ta ado, ga shi kuɗin aikin hannu ya fi na gaskit ɗin.

Kusoshin tof na injuna da yawa, irin na 190D da Golf na baya-baya, an yi su ne su ɗan miƙe idan an ɗaure. Wasu sau ɗaya ake amfani da su, wasu kuma ana auna tsawonsu, wanda ya wuce iyaka a jefar. Kafin a mayar, a tsane ramukansu tas. Ruwa ko mai da ya taru a gindin rami yana hana kusa zama, yana ma iya fasa bulok.

Ɗauri kuwa daga tsakiya ake farawa a fita gefe, hawa-hawa, da sifana mai awo. A injuna irin su 3L, bayan an kai awon da littafi ya faɗa, ana ƙara kwatan zagaye, sannan a sake ƙara wani kwatan. Idan ka ga an zura dogon fayif a sifana, yaro ya taka ƙafa yana ja har sai maigidansa ya ce ya isa, ka sani ƙarfi ake gwadawa, ba awo ba. Wata kusar za ta fi wata ɗauruwa, kuma ta wurin mai sassaucin wuta za ta sake bi.

Taimin ma a kula. A injunan da ke da bel, irin Golf da 405 da Hilux, gara a sa sabo tun da an riga an kwance, balle idan mai ko ruwa ya taɓa tsohon. Bayan an haɗa, a juya inji da hannu zagaye biyu kafin a taɓa makulli. Kuskuren haƙori ɗaya ko biyu a dizal na iya haɗa bawul da fistin.

Kafin ka karɓi makulli

A zubar da tsohon baƙin mai, a canza filta. Man da ya sha ruwa yana cin metal ɗin karanshaf, don haka yana da kyau a sake juye shi bayan 'yar gajeriyar tafiya. A wanke lagireto, in ya toshe a kai wa masu buɗe shi. A mayar da tamosta, a sa sabon murfi mai lamba irin ta asali, a duba famfon ruwa da fanka da tiyo, a gwada nozul. A zuba kulan yadda aka rubuta a jikin galan, idan mai son sirki ne a sirka da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. A fitar da iskar da ta maƙale a cikin hanyoyin ruwa. Kulan guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, kada a zuba shi a gorar lemo, kada a bar shi inda yaro ko akuya za su kai baki.

Ka tambayi bakanike ko injinka na cikin waɗanda ake sake ɗaure wa kusoshi bayan tafiyar kilomita 1,000, domin wasu tsofaffin na bukata, wasu kuma ba a taɓa su. A makonnin farko ka rage lodi da gudu, ka duba ruwa da mai kowace safiya kafin ka tayar.

Akwai kuma lokacin da gyaran ba ya biyan kansa. Idan tof ya tsage, bulok ya murɗe, inji dama yana shan mai yana hura hayaƙi ta murfi, zauna ka yi lissafi da kyau, wataƙila sayen wani injin ya fi. Ko tof na Beljiyam ka saya, a auna shi a gwada shi kafin a ɗora, domin ba ka san zafin da ya sha a hannun mai shi na farko ba.

Ba sai ka zama bakanike ba kafin ka kare dukiyarka. Tambaya huɗu sun ishe ka: me ya jawo zafin, an auna tof da bulok, alamar sabon gaskit ta yi daidai da ta tsohon, kuma da wane awo za a ɗaure? Wanda ya amsa su dalla-dalla, ka bar masa motarka ka ba shi lokacin da ya nema. Wanda ya ce shekara da shekaru yana yi da hannu bai taɓa auna komai ba, ka yi masa godiya, ka nemi janwe ka kai ta wani garejin.